Ranar da Aka Ɗauki Hoton Cikin Jikata

A zamanin da na tashi a Kutama, ciki rufaffen ɗaki ne, ba wanda ya san abin da ke cikinsa sai ranar da aka buɗe. Tsofaffin mata kan yi hasashe. In ciki ya yi tsini su ce namiji ne, in ya baje su ce mace. Wani lokaci su dace, wani lokaci su ce ai Allah ne ya sauya. Mu maza ko hasashen ba ma yi. Ba ma iya cewa mace tana da ciki, sai dai a ce ta yi nauyi, shi ma ƙasa-ƙasa. Yau kuwa yarinya za ta tafi Gwarzo da hantsi, a shafa mata wani mai mai sanyi a mara, a ɗora na'ura, kafin azahar ta dawo gida ta san yadda ɗanta yake kwance, ta ga bugun zuciyarsa da idonta.

Ni ba baƙon wannan na'ura ba ne. Na bar gida tun ina saurayi, na bi motocin goro zuwa Kumasi, na zauna Abijan, daga baya na gangara Sudan, na ƙare a Jidda ina tuƙi ina yi wa alhazai tafinta. A Jidda na fara ganin hoton ciki. Wani Balarabe da nake yi wa aiki ya fito daga asibiti da 'yar takarda baƙa yana nuna wa duk wanda ya tarar, har da ni direbansa, yana cewa ga hancin ɗansa, irin nasa ne sak. Ni dai ban ga hanci ba, hazo na gani, kuma kunya ta kama ni a madadinsa. Na ce a raina, wannan abin wasan masu kuɗi ne. Ban taɓa zaton wata rana gidana zai dogara da shi ba.

Da ƙarfi ya fara ja baya na dawo Kutama na zauna. Babban ɗana yana gefen gidan da iyalinsa. 'Yarsa ta fari mu muka riƙe ta, ni da Hajiya matata, kamar yadda aka saba, tunda iyaye ba sa sakewa da ɗan fari. Ubanta ko sunanta ba ya faɗa, in ta shigo ta wannan ƙofa sai ya fita ta waccan. Ni kuwa tun tana rarrafe nake ce mata amaryata, ita kuma da ta yi baki ta ce ba ta son tsoho mai furfura, sai na sayo mota. Da haka ta girma, ta gama sakandare, ta auri wani malamin firamare a Kabo, yaro mai hankali wanda in ya gaishe ni sai na ce ya tashi kafin gwiwarsa ta yi tsiro.

Da cikinta na fari ya shiga wata na bakwai aka dawo da ita gida goyon ciki. Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Hajiya ta riga ta tara icen wankan jego a bayan ɗaki, ta rufe shi da tsohon kwano kada ruwa ya taɓa. Ta yi magana da ungozoma, ta tanadi kanwa da kayan yaji. A wurinta komai ya kammala, jira kawai ya rage.

Sai yarinyar ta je awo a ƙaramin asibitin unguwa. Nas ta auna cikin ta ce ya fi watanninsa girma, a je Gwarzo a yi hoto. Da labari ya iso gida Hajiya ta rangaɗa guɗa a tsakar gida.

“Tagwaye ne! Na faɗa muku tun da na ga tafiyarta. A danginmu ne, kakata ta yi su.”

“Hajiya, ba a ce tagwaye ba, an ce a je a duba,” in ji ni.

“Kai dai je ka nemo mai ice. Wannan ba zai ishi mutum uku ba.”

Kafin ranar zuwa Gwarzo ta zo, icen bayan ɗaki ya ninka, har ya kusa kai katanga.

Mijin yarinyar ne ya zo daga Kabo da motar wani abokinsa. Hajiya ƙafa ta hana ta tafiya, uwar yarinyar kuma kunyar 'yar fari ba za ta bar ta ba. Sai na ce to ni zan raka matata, kada a sace mini ita a hanya. Muka tafi mu uku, ba mai cewa uffan a kan abin da ya fito da mu. Ni da mijin muka yi ta hirar taki da tsadarsa har muka isa.

Aka kira ta ta shiga. Ni na zauna a benci, mijin kuma ya koma can gindin darbejiya ya tsaya, don ba zai zauna kusa da ni a irin wannan wuri ba. Sauran mata suna shiga suna fitowa da wuri, ita shiru. Can sai likitar ta leƙo, mace ce matashiya da farin gilashi, ta ce, “Wa ya kawo ta?”

Na waiwaya wajen mijin. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Na gane cewa in ban tashi ba, ba mai tashi. Na shiga.

“Baba, kai ne mahaifinta?”

“A'a likita, ni ne mijin na gaskiya. Wancan na waje aro na ba shi.”

Ta yi murmushi kaɗan, ta ce, “To madalla, kaka ne. Gara ma da kai ne. Zauna ka gani.”

Jikata tana kwance an lulluɓe ta, ta juya fuska bango. Likitar ta juyo da allon na'urar wajena. Da farko hazon nan na Jidda na sake gani. Sai ta sa yatsa ta bi wani farin zobe ta ce wannan ƙoƙon kai ne. Ɗa ɗaya ne, ba biyu ba. Ta nuna mini zuciya tana harbawa kamar ƙaramin tsuntsu a tafin hannu. Daga nan ta koma cikin zoben ta nuna wasu wurare biyu baƙi ƙirin, manya, gefe da gefe.

Ta ce a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai 'yan ramuka da ruwa ke gudana, yana shiga yana fita. A hoto ya kamata a gan su sirara. Na wannan yaro sun cika sun buɗe, alamar hanyar da ruwan ke bi ta toshe ko ta ƙuntata. Ruwan yana tura ƙwaƙwalwa gefe, yana kuma sa kan yana girma fiye da ƙima. Ta bi ƙashin bayansa a hankali daga wuya har ƙasa, ta ce a yadda take gani a rufe yake, kuma wannan abin godiya ne, don sau da yawa matsalar kan zo tare da buɗaɗɗen baya.

Na yi tafinta a harsuna da dama a rayuwata. Na tsaya tsakanin Balarabe da Bayarabe, na tsaya tsakanin ɗan sandan Abijan da Bahaushe mai goro. Ban taɓa jin magana cikin Hausa tsantsa ta yi mini nauyin ɗauka kamar wannan ba.

“Likita, zai rayu?”

“Baba, rai na Allah ne. Yara da yawa masu irin wannan suna rayuwa in an yi musu aiki da wuri. Yadda hankalinsa zai kasance, ko yaushe zai yi tafiya, hoto ba ya faɗa, ni ma ba zan yi maka ƙarya ba. Abu ɗaya na tabbata: in kan nan ya ci gaba da girma haka, ba zai fita ta hanyar da aka saba ba. Kada a bari naƙuda ta same ta a gida. A kai ta babban asibiti a Kano su sake dubawa, su ne za su sa ranar da za a ciro shi.”

Da ta ce kan ba zai fita ba, sai na daina ganin allon. Ƙanwata na gani.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ke bi na. Shekarar da na fara dawowa daga Kumasi na tarar an kawo ta gida goyon cikin fari, na zo mata da atamfa ta fitar suna. Naƙuda ta kama ta ana tsakiyar damina. Aka kwana aka wuni, aka sake kwana. Muna zaure mu maza, ba mai tambaya, sai dai mu ga an wuce da rubutu, an wuce da saiwa. Aka ce gishiri ne ya tare hanya, aka yanka. Daga baya ɗan ya fito ba rai, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Mutane suka yi ta raɗa cewa ɗan ruwa ne, wai ta yi wanka a rafi da almuru. Sai bayan shekaru mahaifiyarmu ta gaya mini cewa kan yaron ya yi girman ƙwarya, ga taushi. Ungozomar tun da ta taɓa ta ce wannan kai ba na fita ba ne, amma a lokacin sanin bai da amfani, ba mota, ba hanya, ba lokaci. Na yi yawon duniya da wannan abu a zuciyata ban san sunansa ba, sai ga shi a allo, baƙi a cikin farin zobe.

A hanyar komawa na gaya wa mijin komai, ina kallon gaba yana kallon gaba. Ya ce, “Duk abin da kuka yanke, Baba.” Na san da gaske yake, kuma na san nan matsalar take. Yarinya tana gidanmu, don haka shi ba zai sa baki ba. Ubanta da na tare shi a zaure, ina fara magana ya ce, “Ai tana hannunku,” ya tashi wai zai duba gona. Uwarta ta yi kuka a ɗaki, amma ba za ta fito ta yi magana a kan 'yar fari a gaban surukai ba. Kowa yana ƙaunarta, kowa kuma kunya ta ɗaure masa baki. Magana ta rage tsakanina da Hajiya, ita kuma ta kafe.

“Ba za a tsaga mini yarinya ba. Cikin fari? A ce ta kasa? A ɗakin nan na haifi ubanta, ko tari ba a ji na yi ba.”

“Hajiya, na gani da idona.”

“Ka ga me? Talabijin? Allah kaɗai ya san abin da ke cikin mahaifa.”

“Haka ne. Na'urar ba ta san arzikinsa ba, ba ta san kwanansa ba, ba ta san ko mai albarka ne ba. Ruwa ta gani, kamar yadda kike ganin hadari ya haɗo ki kwashe shanya.”

“Kai dai tun da ka sha ruwan ƙasashe komai na gida ya zama abin tsoro.”

Ba mugunta ba ce. A zamaninta matar da aka kai asibiti haihuwa, gawa ake jira. Ta ga hakan ba sau ɗaya ba. Tsoronta da nawa duk ɗaya ne, inda kowa ya ajiye nasa ne ya bambanta.

Ita mai cikin ba wanda ya tambaye ta. Washegari da la'asar na same ta a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna.

“Amarya, an ce za a kai ki birni ki bar ni da tsohuwa.”

“Ai ka huta da cefane.”

“Ni kishi nake. Wannan na cikin tun bai fito ba ya fi ni kai. In ya zo wa zai kalli hulata?”

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Na bar ta ta yi mai isarta. Ba wani namiji a duniya da zai iya zama da ita a kan wannan magana in ba ni ba, ita ma ba wanda za ta iya buɗe wa baki. Wasan da muka yi shekara da shekaru muna ɗauka abin dariya ne, ashe ranarsa ke nan.

Ta ce, “Tsoho, da daddare ina jin motsinsa. Ƙarfi gare shi. Ni ba tsagawar nake tsoro ba. Zai san ni kuwa?”

Na ce ban sani ba, likita ma ta ce ba ta sani ba. Na ce abin da na sani shi ne, ina so ya zo ya tarar da ke.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, “To ku kai ni Kano. Amma kai za ka gaya wa Hajiya, ni ba zan iya ba.”

Da magariba ta wuce na shiga wurin Hajiya. Ta san ina da ƙanwa da ta rasu wajen haihuwa tun kafin in auro ita Hajiyar, amma ban taɓa ba ta labarin ba, don ba irin labarin da namiji ke bayarwa ba ne. Ran nan na ba ta shi duka, har da ƙwarya, har da atamfar da ta tsufa a akwatin mahaifiyarmu ba a ɗinka ba. Na ce mata ungozomar wancan lokaci ta gane, amma ta gane a makare. Mu kuma an gaya mana tun da sauran lokaci. Na ce kuma yarinyar da bakinta ta ce a kai ta.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, “Da ni za a tafi. Kuma wanka a gidan nan za a yi shi.”

“Ƙafar fa?”

“Ƙafar taka ce?”

A Kano suka sake yin hoton da na'urar da ta fi ta Gwarzo girma, suka tabbatar da abin da likitar farko ta gani. Suka riƙa kiran jikata lokaci-lokaci suna auna kan, yana ƙaruwa kamar yadda aka faɗa. Muka sauka gidan wani ɗan'uwa. Da likitoci suka ga yaro ya yi ƙwarin da zai iya numfashi da kansa, suka sa rana. Abin ya ba Hajiya mamaki ƙwarai, wai haihuwa da sanarwa kamar ɗaurin aure.

Ranar aikin muna zaune a baranda sai ga babban ɗana. Ba wanda ya kira shi. Ya gaishe mu ya ce wai ya shigo birni sayen maganin feshi ne, ya ga hanya ta biyo. Ya tsaya daga nesa har aka fito aka ce uwa lafiya, ɗa namiji, jaririn har ya yi kuka. Na ga ɗan nawa ya juya baya yana gyara hula fiye da yadda hula ke buƙata.

Kan yaron babba ne, maɗigarsa a kumbure, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Hajiya ta dube shi ta cikin gilashi, ta dubi faɗin kan, sai ta yi salati. Ta haihu, ta karɓi haihuwa, ta san abin da idonta ya gani. Tun daga ranar ban sake jin kalmar tsagawa a bakinta ba. Bayan 'yan kwanaki likitocin ƙwaƙwalwa suka sa masa wata siririyar roba a ƙarƙashin fata, daga kai ta bi bayan kunne ta sauka ciki, tana janye ruwan da ya yi yawa. A asibiti aka raɗa masa suna, ragon kuma aka yanka a Kabo.

Wanka an yi shi a Kutama, amma ba yadda Hajiya ta so ba. Likita ta ce ban da tafasasshen ruwa, ban da fyaɗa ganye a kan ɗinki, kunun kanwa kuma a bar shi. Hajiya ta yi mita, ta ce wannan ai wankan jarirai ne, amma ta bi. Icen tagwaye kuwa ya ƙi ƙarewa. Da shi aka yi girkin gidan har bayan kaka, maƙwabta ma suka ɗiba. Har yau in na so tsokanar ta sai in ce, Hajiya ina na biyun?

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Yaron ya makara wajen zama, ya makara wajen tafiya, ƙafarsa ta hagu har yanzu tana ɗan ja. Sau ɗaya robar ta toshe, ya yi ta amai yana barcin da ba na lafiya ba. Uwarsa ta gane alamun da aka koya mata, suka garzaya Kano aka sauya. Ana komawa asibiti a kai a kai, kuma ba mu san abin da gaba za ta kawo ba. Amma yana magana, yana da tsiwa, yana cire mini hula ya gudu da ita iyakar gudunsa. Tambayar da uwarsa ta yi mini a inuwar rumbu ta sami amsa tuni. In ta fita ko nan da ƙofar gida ne, duk unguwa sai ta ji.

Na ga abubuwan mamaki a ƙasashen mutane, jiragen ruwa masu girman unguwa, da gine-ginen da hula ke faɗuwa in ka ɗaga kai. Ba wanda nake yi wa godiya irin ɗan akwatin nan na Gwarzo da yarinyar da ta iya karanta shi, ta kuma faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi. Ina yi mata addu'a, ita da malaman da suka koya mata. Ina yi wa ƙanwata ma, wadda ta zo duniya da wuri, kafin zamanin na'urar.

Har yanzu ana kawo 'ya'yanmu gida goyon ciki, har yanzu ana tara ice. Amma yanzu a gidanmu ba macen da ke kai watan haihuwa ba a yi mata hoto ba, Hajiya ce ma ke tambaya tun kafin a sauke kaya. Abin da aka gani kuma a fili ake faɗarsa, uba ya ji, miji ya ji, a tambayi mai cikin abin da take so.